Yadda za ka bi yaron da ya kama ƙwallon Ostiraliya daga nan Legas, ka tallafa masa ba tare da ka takura shi ba

Ɗan yayata yana Melbon, wani babban birni a Ostiraliya, tun yana ɗan shekara biyar, aiki ne ya kai babansa can, yanzu yaro ya kai 17 ya miƙe ya zama dogo sambal. Ranar da Yaya ta kira ni ta ce wai ɗanka fa ya rungumi ƙwallo ko abinci sai an yi da gaske yake zama ya ci, ni na ɗauka irin tamu ce ta firimiya, sai ta turo min bidiyo a WhatsApp ina zaune a shago nan Agege, na ga ƙwallo mai siffar ƙwai, yara suna cafe ta da hannu suna haurawa kan kafaɗar juna, wani ya rungumo wani ya kayar kuma rafali bai ce komai ba. Shekara biyu ke nan ina bin wasan nan saboda shi, kuma na lura akwai 'yan uwanmu da yawa da ke da yara a can amma ba su san ta inda za su kama ba, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na koya.

Fara da koyon wasan kansa, don ba yadda za a yi ka ƙarfafa wa yaro gwiwa a kan abin da kai ba ka gane ba, yara suna ganewa idan kawai kana cewa madalla madalla ne. Ba shi da wuya. Fili ne mai zagaye irin na wasan kurket, idan ka taɓa wucewa ta filin kurket na Tafawa Balewa Square a cikin Ikko to kusan haka siffar take. Kowane tim mutum 18 ne a fili. Kowane gefe akwai sanduna huɗu, biyu dogaye a tsakiya biyu gajeru a gefe, ka buga da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen ba wanda ya taɓa maki 6 ke nan, ta bi ta gefe ko ta daki sanda ko wani ya taɓa ta maki 1. Ba gola, ba satar gida. Ba a jifa da ƙwallo, ko dai ka buga da ƙafa ko ka ɗora ta a tafin hannu ɗaya ka nausa da ɗayan, kuma in kana gudu da ita dole duk mita 15 ka buga ta da ƙasa. Abin da ya fi burge ni shi ne mak, wato in aka bugo ƙwallo ta yi tafiyar mita 15 ko fiye ka cafe kafin ta taɓa ƙasa, rafali zai hura, ba mai ikon taɓa ka, ka ja baya ka yi bugunka a natse. Kama mutum kuwa daga kafaɗa ne zuwa gwiwa, sama da haka ko ƙasa da haka laifi ne. Zango huɗu ake yi, kowanne minti 20 amma da lokacin da ake tsayar da agogo sai ka ga ya kai wajen rabin awa. Shi ke nan fa, sauran sai a hankali. Wasan ba na jiya ba ne, tun 1859 aka rubuta dokokinsa a Melbon, babbar gasar kuma AFL ake ce mata tun 1990, kulob 18 ne a ciki kuma na Tasmania zai shigo a 2028.

Kallon kuma sai ka gyara agogonka. Mafi yawan kakar, Melbon tana gabanmu da awa tara, ana farawa a watan Maris a ƙare a ƙarshen Satumba. Wasan daren Juma'a nasu mu nan wajen sha ɗaya saura na safe yake kamawa, ka gama kallo ka yi wanka ka tafi masallaci, wasan ranar Asabar da rana kuma kusan da asuba yake zuwar mana. Wasan ƙarshe da ake yi a filin MCG na Melbon mai cin mutum wajen 100,000, a 2025 biyar da rabi na asuba ya fara agogonmu. Akwai manhajar kallo ta intanet mai suna Watch AFL ta biyan kuɗi ga waɗanda ke wajen ƙasar, amma in data ta yi maka tsada taƙaitaccen wasa yana nan a YouTube kyauta kuma ya isa ka fara. Ni na taɓa roƙon mai gidan kallon unguwarmu ya buɗe min da safe, na ce Oga taimaka ka tayar da janareta zan biya kuɗin mai, muka zauna ni da shi da yaron mai shayi mu uku a kan benci ana kaɗa mana ƙwai a waje, kafin zango na uku yaron mai shayin ya fi ni ihu in an yi mak.

To yanzu ga inda mutanenmu suka fi ruɗewa. Ƙwallon nan ba a shiga ta kamar ta Turai, inda wani eja, wato dillalin 'yan wasa, zai ɗauki yaro ya kai shi gwaji kulob ya saya. Nan tsani ne ake hawa. Ƙananan yara suna farawa da wani shiri da ake kira Auskick, daga nan kulob ɗin unguwa, in yaro ya yi fice a kira shi tim ɗin yanki na 'yan ƙasa da shekara 18, in ya ƙara ficewa ya wakilci jiharsa a gasar ƙasa ta matasa, duk wannan lokacin masu farautar 'yan wasa na manyan kulob suna tsaye a gefe da littafinsu suna rubutu ba sa ce maka komai. A wajen Oktoba a gayyaci waɗanda aka sa wa ido zuwa gwaji, gudun kilomita 2, tseren mita 20, tsalle, zilliya, likita ya duba su, sannan kulob-kulob su zaunar da yaro su yi ta masa tambayoyi har kan gida da tarbiyya da yadda yake in ransa ya ɓaci. Sai Nuwamba a yi diraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa, wanda ake yi tun 1986. Kulob ɗin da ya zo na ƙarshe a teburi shi ke fara zaɓa, haka ake bi har a zo kan zakara, kuma sai yaro ya cika 18 kafin ƙarshen shekarar. A duk faɗin ƙasar wajen mutum sittin zuwa saba'in kawai ake ɗauka a babban zaɓen, bayansa akwai ƙaramin zaɓe na ruki, wato 'yan wasan da ake ɗauka a matsayin ƙari, da ake ɗiban wasu kaɗan. Ka riƙe wannan adadin a ranka kafin ka fara gaya wa mutane a majalisa cewa ɗanka ya zama ɗan ƙwallo.

Ina faɗin haka ne don an so a cuce mu a nan. Wani mutum da ke zuwa wajen da samari ke tirenin a Agege ya ji labarin yaron a bakin wani, ya zo shago da fom a hannu da hotuna a waya, wai shi yana da hanya da kulob a Ostiraliya, in na ba shi kuɗin rajista da na biza zai sa a ɗauki ƙanena ma da ke nan su haɗu su biyu. Allah ya taimake ni na ce ya dawo jibi, na kira baban yaron a can, ya ce min Malam ko sisi kar ka bayar, nan ba a sayen gurbi, kuma duk ejan gaskiya sai ƙungiyar 'yan wasan AFL ta ba shi lasisi. Mutumin bai dawo ba, amma na ji daga baya ya karɓi kuɗin wasu a Mile 12, abin ya daɗe yana ci min rai don mutane ne masu ɗaukar buhun albasa da tumatir suka tara da gumi. Duk wanda ya ce ka biya shi don a ɗauki yaro ƙwallon Ostiraliya daga Legas, tambaye shi wane zaɓe, wace shekara, wane kulob ne ya gayyata a rubuce, za ka ga ya fara kame-kame.

Ba wai ƙofa a rufe take ga baƙo ba, akwai wani gurbi na musamman da kulob ke iya ɗaukar ɗan wata ƙasa ko wanda ya fito daga wani wasan. Ta nan 'yan Ailan suke shigowa don ƙwallonsu ta gargajiya ta yi kama da wannan, kuma ta irin wannan hanyar Mason Cox ɗan Amurka mai tsawon santimita 211, wanda ƙwallon kwando ya buga a jami'a, ya shiga Collingwood ya fara bugawa a 2016 har ya ci kofi da su a 2023. Amma ka lura su kulob ɗin ne suka je suka nemo shi. Ga yaran da iyayensu baƙi ne kuma suna zaune a can, kulob-kulob suna da makarantun horo na musamman don 'ya'yan baƙi da 'yan asalin ƙasar, wannan ita ce ƙofar da ya kamata iyayen yaro su tambaya a kai tun yana 12 ko 13, kar su jira sai ya girma.

Mu ce Allah ya yi, an kira sunan yaro a Nuwamba. Abu na farko da za ka shirya wa zuciyarka da ta uwarsa shi ne ba shi ke zaɓen gari ba. Yaron Melbon sai ya tsinci kansa a Perth, tafiyar wajen awa huɗu a jirgin sama, cikin 'yan kwanaki ya haɗa jaka. Harley Reid da aka zaɓa na ɗaya a 2023 daga wani ƙaramin gari a jihar Victoria haka ya tafi kulob ɗin West Coast da ke Perth. Jason Horne-Francis kuwa na ɗaya ne a 2021, North Melbourne suka ɗauke shi, shekara ɗaya tak ya yi ya nemi a mayar da shi gida ya koma Port Adelaide na garinsu Adelaide, wannan ya nuna maka kewar gida ba ƙaramin abu ba ne ko ga wanda aka ce ya fi kowa. Yawanci kulob yana haɗa yaron da wani gida da za su riƙe shi, kuma akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan kula da walwalar 'yan wasa. Ka ce wa iyayen su karɓi lambar wannan mutumin tun ranar farko, su zauna da shi da mutanen gidan su yi bayani dalla-dalla, nama halal, ba alade ba giya, wurin sallah, Juma'a, azumi. Kar a ji kunya, kunyar nan tamu ce take sa yaro ya yi wata uku yana cin biredi da ƙwai kawai alhali jikinsa yana buƙatar abinci sosai, su kuma Turawan in ba ka faɗa ba za su ɗauka komai lafiya.

Kuma akwai waɗanda suka share hanya. Bachar Houli Musulmi ne ɗan asalin Lebanon, Essendon suka ɗauke shi a 2006, ya yi shekara huɗu wasa 26 kawai ya samu, ya koma Richmond ya zauna daram har ya ci kofi uku da su, 2017 da 2019 da 2020, kuma yana cikin waɗanda suka matsa har aka tanadi ɗakin sallah a filayen wasa, yanzu ma yana da gidauniya da ke horar da yaran Musulmi. Adam Saad na Carlton shi ma an san shi da riƙon addini. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa daidai ƙarshen tirenin da farkon kaka, lokacin kuma can zafi ne don bazararsu daga Disamba take zuwa Fabrairu, don haka maganar sahur da ruwa da lokacin tirenin yaro ya yi ta da likitan kulob da masanin abinci, hukuncin addini kuma ya tambayi malami na can da ya san yanayin, kai kawu kar ka yanke masa fatawa ta waya daga Agege.

Sai maganar da na fi so a ji, wato haƙuri da shekarun farko. Kowane kulob yana da 'yan wasa arba'in da 'yan kai, ashirin da 'yan kai ne ke sa riga ranar wasa, sauran a tura su tim na biyu a gasar jiha, VFL ko SANFL ko WAFL dangane da inda kulob yake. Yaro ɗan 18 zai shiga cikin ƙattai 'yan 28 da suka yi shekara goma suna ɗaga ƙarfe, 'yan tsakiya suna gudun sama da kilomita 12 a wasa ɗaya ana kuma bangazarsu, jikin yaro bai kai nan ba tukuna musamman dogayen, su sun fi kowa jinkirin nuna. Majak Daw, wanda shi ne haifaffen Sudan na farko da ya buga AFL, an ɗauke shi a ƙarshen 2009 amma sai 2013 ya buga wasansa na farko a North Melbourne. Aliir Aliir da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, Sydney Swans suka zaɓe shi a 2013, bai taka babban fili ba sai 2016, ya koma Port Adelaide, a 2021 aka sa shi cikin gwarazan 'yan wasan ƙasar na shekara. Da danginsu sun riƙa kira duk mako suna cewa wai har yanzu ba a sa ka ba, anya kocin nan yana sonka, Allah kaɗai ya san ko da sun kai. Akwai masu shigowa da zafinsu irin Nick Daicos, wanda Collingwood suka samu a 2021 ta dokar ɗa da uba, wato in babanka ya buga wa kulob wasa 100 suna da damar riga kowa ɗaukarka, ya zo ya lashe kyautar matashin ɗan wasa a 2022, amma irinsu ɗaiɗai ne kuma shi a cikin harkar ya buɗe ido, kar ka auna naka da shi.

To me za ka tambaya in ka kira? Ni da farko kwallo nawa ka ci nake cewa, sai in ji muryarsa ta yi sanyi ya ce Kawu ni fa baya nake tsarewa. Daga baya na gane aikinsa shi ne ya hana dogon ɗan gabansu yin mak, ya nushe ƙwallo ta fita, wani wasan sau takwas kawai zai taɓa ta amma koci ya yaba masa fiye da kowa. Yanzu sai in ce wa aka ba ka ka riƙe yau, mak nawa ya yi a kanka, ƙafar hagun fa ta fara zama, sai ka ji yaro ya saki baki yana ta zuba har katina ya ƙare. Akwai ranar da ya turo min bidiyo na daƙiƙa goma sha, ya taso daga baya ya haura ya naushe ƙwallo daga hannun wani da ya fi shi jiki ya faɗo ƙasa ya mirgina ya miƙe da laka a fuska, ya rubuto Kawu ka ga wannan, na maimaita kallonsa ya fi sau ashirin ina nuna wa duk kwastoman da ya shigo.

Maganar kuɗi kuma dan Allah a yi hankali, mu nan da an ji yaro yana ƙwallo a waje sai lissafi ya tashi, wannan zai ce kuɗin haya wancan kuɗin makaranta wata ta ce biki. Albashin sabon ɗan wasa a ƙayyade yake bisa yarjejeniyar ƙungiyar 'yan wasa da hukumar gasar, akwai na wata akwai kuma ƙarin da ake ba shi duk wasan da ya buga a babban tim, kuma kowane kulob yana da iyakar abin da zai kashe a albashi, babu irin cinikin biliyoyin da muke ji a Ingila da Sifen. Kwantiragin farko gajere ne, waɗanda aka zaɓa a sahun gaba shekara uku, na bayansu biyu, ruki ma ɗaya ake fara ba shi, kuma duk Oktoba kulob yana sallamar waɗanda ba ya so, yaro yana 20 sai a ce masa mun gode. Saboda haka karatu kar ya tsaya, ko kwas ɗaya ne a jami'a ko koyon sana'a ya riƙe, kulob ɗin ma suna ƙarfafa hakan. In an sallame shi ba a rufe littafi ba, yana iya komawa gasar jiha ya yi ƙoƙari a sake ɗaukarsa, akwai ma zaɓen tsakiyar kaka.

Rauni kuma zai zo, cinya, gwiwa, kafaɗa, amma wanda nake so iyali su sa wa ido shi ne buguwar kai. Dokar AFL ita ce wanda kansa ya bugu ba zai dawo wasa ba sai bayan aƙalla kwana 12, a ƙananan matakai ma hutun ya fi haka tsawo. Yaro mai neman gurbi zai so ya ɓoye, ya ce ba komai ɗan jiri ne, mu kuma da al'adarmu ta namiji ba ya raki sai mu taya shi. Kar ka taya shi. In uwarsa ta ce tun jiya yana cewa haske yana damunsa ko yana mantuwa ko amai, a gaya wa likitan tim ko yaron zai yi fushi. Haka nan zagin launin fata yana nan, a fili da kuma a intanet, 'yan wasa baƙaƙe da 'yan asalin ƙasar sun sha kokawa a kai, akwai dokar da ta hana kuma ana hukunta mutum, ka gaya masa in ya faru ya adana saƙon ya kai wa kulob kar ya tsaya musayar zagi, kai ma kar ka tara abokanka na Facebook ku shiga ramuwa da sunansa, shi za ku ja wa.

Namu dai bana ce shekararsa ta ƙarshe a 'yan ƙasa da 18, kuma mun riga mun yi magana ni da Yaya da babansa cewa daren zaɓen ba za a tara jama'a a gida ba, ba za a sa a sitatus ba, in an kira sunansa alhamdu lillahi in ba a kira ba akwai fom ɗin jami'a da ya riga ya cike da kuma kocin gasar jiha da ya ce yana so ya gan shi. Ni nawa aikin na sayo masa kilishi da yaji da man zafi na ba wani ɗan uwa da zai tafi, sai babansa ya kira ya ce Malam cire kilishin, jami'an filin jirginsu ba sa barin nama ya shiga ƙasar kuma tara suke ci mai nauyi, yajin ma sai an rubuta a takarda an nuna musu. Na cire, na saka masa hula da carbi a madadinsa.